Rashin Jiya, Adon Yau: Tarihin Wasannin Bidiyo Masu Salon Tsohon Yayi

Ranar 20 ga watan Disamba na 2004, wani ma'aikaci ɗan ƙasar Japan mai suna Daisuke Amaya ya ɗora wani ɗan wasan kwamfuta a intanet, ya bar shi kyauta ga duk mai so. Sunan wasan Doukutsu Monogatari, wato labarin kogo. Daga baya duniya ta san shi da Cave Story. Shekara 5 ya yi yana aikinsa shi kaɗai a lokutan da ya samu sarari: shi ya zana hotuna, shi ya tsara kiɗa, shi ya rubuta labari, shi ya haɗa manhaja. Wanda ya buɗe wasan a wancan lokaci sai ya zaci tsohon kaya aka tono, domin da ƴan murabba'ai aka gina mutanen ciki, kiɗan kuwa irin siririyar ƙarar nan ce ta akwatunan wasa na shekarun 1980. Alhali a cikin wannan shekara ce manyan kamfanoni suka fito da Doom 3 da Half-Life 2, inda ake gasar nuna inuwa da ruwa da fuskar mutum tamkar a sinima.

Amaya ba shi ne farkon wanda ya waiwayi baya ba, amma daga kansa ne waiwayen ya zama hanyar da dubban masu ƙirƙira suka bi. Abin da ya kasance tilas ga mutanen 1983 ya koma zaɓi ga mutanen 2004. Kuma tun daga nan rigimar wannan fanni guda ce: a cikin kayan da aka gada, wanne ne hikima, wanne ne kawai tabon rashi?

Sai an san yadda rashin ya kasance kafin a gane amsar. Kamfanin Nintendo ya fitar da akwatinsa mai suna Famicom a Japan cikin watan Yuli na 1983, sa'an nan ya kai shi Amurka a 1985 da sunan NES. Ƙwaƙwalwar aikinsa kilobait 2 ce kacal, abin da bai kai nauyin rubutun shafi biyu na wannan mujalla ba. Fuskar hoton ɗigo 256 ce a kwance, 240 a tsaye. Kowace sura mai motsi launi 3 take samu, kuma idan surori suka wuce 8 a kan layi ɗaya, na'urar ba ta iya nuna su duka. Masu haɗa wasa sai suka riƙa ɓoye wannan su nuna wancan bi da bi da sauri, shi ya sa hotunan zamanin suke ƙyaftawa idan faɗa ya yi zafi. Muryoyin kiɗa 5 ne. Duk wasan Super Mario Bros. na 1985, da ƙasashensa 8 da kiɗansa da dodanninsa, cikin kilobait 40 ya shiga.

A cikin wannan ƙunci aka haifi dabarun da har yanzu ake koyarwa. Gajimaren Super Mario Bros. da ciyayinsa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya, don a yi tattalin wuri. Shi kansa Mario, wanda Shigeru Miyamoto ya fara zanawa a Donkey Kong a 1981, hula ya samu saboda zana gashi mai motsi yana da wuya, gashin baki kuma saboda babu isassun ɗigogin da za su fitar da baki a ƙarƙashin hanci. Mai tsara kiɗa da yake da muryoyi kaɗan dole ya nemo karin da zai zauna a kunne. Mai tsara mataki da ba shi da wurin rubuta dogon bayani dole ya koyar da ɗan wasa ta hanyar wasan kansa: a sa masa abokin gaba guda a fili mai faɗi, in ya iya tsallake shi a ƙara masa biyu. In babu raƙumi, jaki ma ya kai kaya. Amma mai jaki ya fi mai raƙumi sanin abin da ya cancanci a ɗaura.

Sai dai ba duk abin da zamanin ya bari ne ya fito daga hikima ba. Tsananin wuyar da ake yi wa tsofaffin wasanni kirari da ita, mafi yawanta lissafin kasuwa ne. A gidajen wasa inda ake jefa wa na'ura tsabar kuɗi, riba tana ga a kashe ɗan wasa da wuri ya sake jefawa. Daga can aka gaji ƙidayar rayuka 3 da komawa farko. A gida kuma, kaset mai tsada wanda abin da ke cikinsa bai wuce na sa'a ɗaya ba, dole a tsananta shi don ya yi wa yaro wata guda. Ghosts 'n Goblins na 1985, wanda ya sha wuya ya kai ƙarshensa sai a ce masa ya sake daga farko kafin ya ga ƙarshen gaskiya. A Amurka, inda ake ba da hayar kaset, an riƙa ƙara wa wasu wasanni wuya fiye da yadda suke a Japan: Ninja Gaiden III ya rasa kalmomin sirrin da ke mayar da mutum inda ya tsaya, kuma ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin da ya haɗa The Lion King na 1994 ya faɗa daga baya cewa da gangan aka tsananta matakan farko don kada mai haya ya gama wasan kafin ya mayar.

Akwai kuma wani abin da masu begen zamanin suke yawan mantawa. Duniyar NES ba duniyar mai zaman kansa ba ce ko kaɗan. A 1983 kasuwar wasanni ta Amurka ta rushe bayan da aka cika ta da tarkace, har kamfanin Atari ya binne dubban ɗaruruwan kaset a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, inda aka tono wasu a 2014. Don gudun maimaituwar haka, da kuma don riba, Nintendo ya sa makullin lantarki a cikin akwatinsa, ya riƙe buga kaset a hannunsa, ya kuma hana kowane kamfani fitar da wasa fiye da 5 a shekara a Amurka; har Konami ya buɗe wani reshe mai suna Ultra Games don ya ninka rabonsa. Mutum irin Amaya ba zai ko leƙa wannan ƙofa ba. Kakannin masu zaman kansu na gaskiya a wani gida suke: matasan Ingila da suka rubuta wasanni a ɗakunan kwanansu a kan kwamfutar ZX Spectrum, irin Matthew Smith da ya yi Manic Miner a 1983 bai cika shekara 20 ba, da Éric Chahi na Faransa wanda ya shafe shekara 2 yana gina Another World a kan Amiga kusan shi kaɗai, ya fito da shi a 1991, da ƙungiyoyin masu sha'awa na Japan da ke sayar da aikin hannunsu a bajekoli. Wasannin tsohon yayi na yau rigar Nintendo suka ara, amma ƴancinsu daga waɗannan suka gada.

Da PlayStation ya fito a 1994, aka koma ga hoto mai zurfi uku, ƴan murabba'ai suka zama abin kunya. Ma'aikatan wasa ɗaya suka tashi daga mutum 5 zuwa 50, daga baya zuwa ɗaruruwa, kuɗin kuma ya haura miliyoyin dala, kuma duk inda kuɗi ya yi yawa tsoron gwada sabon abu yakan biyo shi. A wannan yanayi Cave Story ya bayyana. Dalilin Amaya na zaɓen tsohon salo bai rasa nasaba da ƙauna, amma akwai lissafi a ciki: zanen da mutum guda zai iya gamawa ke nan.

Wasan labarin wani mutum-mutumi ne da ya farka a kogo bai san kansa ba, ya tarar da wasu halittu masu kama da zomaye, Mimiga, waɗanda wani likita azzalumi yake son mayarwa makaman yaƙi. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne yadda fuskoki masu ɗigo ƙalilan suka iya ɗaukar baƙin ciki. Abin da zane bai faɗa ba, zuciyar mai kallo ce take cikawa. Tsarin makamansa ma sabo ne: bindiga tana ƙara ƙarfi idan an tara wasu ƴan duwatsu, tana raguwa idan an ji rauni, don haka kowane kuskure yana da farashi nan take. Wata ƙungiyar masu sa kai, Aeon Genesis, ta fassara shi zuwa Turanci a farkon 2005, daga nan ya bazu baki da baki, har aka sayar da shi a kan akwatin Wii a 2010.

Amma Cave Story ya ɗauko har da wani mugun halin kakanninsa. Wanda yake son ya ga ƙarshe mafi kyau dole ya yi abubuwan da hankali ba zai kai shi gare su ba. Akwai inda wani dattijo, Farfesa Booster, yake faɗowa cikin rami a gaban ɗan wasa. Wanda ya sauka ya duba shi, dattijon zai mutu kuma hanyar ta rufe, wanda ya wuce ya ƙyale shi ne zai same shi da rai daga baya. Akwai kuma wata igiya da ke ɓoye a lungun wani ɗaki, in ba a ɗauke ta kafin faɗa ya ƙare ba, abokiyar tafiya ta halaka. A shekarun 1980 irin wannan ɓoyo yana sayar da mujallun sirrin wasa. A 2004 ba ya amfanin kowa, sai dai ya tura mutum neman amsa a intanet.

Tsakanin 2008 da 2012 ƙofofi suka buɗe. Shagunan intanet irin Steam da Xbox Live Arcade sun kawar da buƙatar buga faifai da roƙon wuri a kanti. Braid na Jonathan Blow ya fito a 2008, ya ɗauki tsohon labarin ceto gimbiya ya juya shi ya zama tambaya a kan mai ceton. Spelunky na Derek Yu, da Super Meat Boy, da Fez suka biyo baya. Har manyan kamfanoni suka shinshino ribar: Capcom ya fitar da Mega Man 9 a 2008 da kamannin 1988 sak, ya kuma sa wani maɓalli wanda in an taɓa shi hoton zai riƙa ƙyaftawa irin ta da. Lahanin da injiniyoyi suka yi shekaru suna yaƙi da shi ya zama kayan ado da ake kunnawa da gangan.

Wasan da ya fi kowanne fahimtar matsalar shi ne Shovel Knight. Wasu ma'aikata da suka bar kamfanin WayForward suka kafa Yacht Club Games, suka nemi karo-karon dala 75,000 a dandalin Kickstarter a 2013, jama'a suka ba su fiye da 311,000. Wasan ya fito cikin Yuni na 2014, labarin wani barde mai yaƙi da shebur. Masu shi ba su ɓoye ba cewa NES na gaskiya ba zai iya ɗaukarsa ba. Sun faɗaɗa hoton ya cika telebijin na zamani, sun sa bango mai hawa-hawa da ke motsi daban-daban, sun kawar da ƙyaftawa, sun ƙara ƴan launuka da babu su a tsohuwar na'ura, ɗaya daga ciki don a samu fitar da fatar mutane masu duhu. Kiɗan da Jake Kaufman ya tsara ya dogara da muryoyin wani guntun lantarki na Konami, VRC6, wanda ƴan Japan suka ji a Castlevania na uku amma akwatin Amurka bai taɓa iya furta shi ba. Wato abin da suka gina shi ne NES kamar yadda ƙwaƙwalwar babba take tuna shi, bayan shekaru sun goge ƙura.

Inda suka fi nuna basira shi ne wajen mutuwa. Babu ƙidayar rayuka. Wanda ya faɗi yakan zubar da wani kaso na dukiyarsa a wurin, in ya dawo ya iya kaiwa gare ta ya kwashe. A kan hanya akwai zango-zango inda ake tashi bayan faɗuwa, kuma mai jin kansa yana iya fasa zangon ya ɗebi lu'ulu'un da ke ciki, da sharaɗin in ya mutu zai koma can baya. Wuyar tana nan, amma ɗan wasa ne yake yanka wa kansa gwargwadonta. Celeste na Maddy Thorson da Noel Berry ya ƙara gaba a 2018: wasa ne mai tsananin wuya a kan wata budurwa da ke hawan dutse tana fama da firgicin zuciya, amma an sa masa hanyar taimako inda mutum zai rage gudun wasan ko ya hana kansa mutuwa, ba tare da an yi masa gori ba. Undertale na Toby Fox kuwa, a 2015, ya yi amfani da tsohuwar ɗabi'ar ƴan wasa ta kashe duk abin da ya gitta ya mayar da ita abin tuhuma, domin ana iya gama shi ba a kashe kowa ba.

Kishiyar wannan ita ce Mighty No. 9. Keiji Inafune, wanda sunansa ya daɗe haɗe da Mega Man, ya nemi dala 900,000 a 2013, aka tara masa kusan miliyan 4. Abin da mutane suka saya da kuɗinsu alkawarin dawowar ƙuruciya ne. Bayan ɗage-ɗage, wasan ya fito a 2016, masu sharhi da masu gudummawa suka tarbe shi da sanyin jiki: ga siffar, ga tsalle da harbi, amma babu daidaiton da ya sa na da ya yi daɗi. Cuphead na ƴan'uwa Chad da Jared Moldenhauer, wanda ya fito a 2017, matsalarsa daban ce. An zana shi da hannu bisa salon majigin zane na Amurka na shekarun 1930, kuma kyansa ba ya musuntuwa. Amma wasu masu sharhi sun tuna wa jama'a cewa wancan salo ya tsiro ne tare da zane-zanen izgili ga baƙar fata. An ɗauko farin safar hannu da manyan idanu, an bar tarihinsu a bakin ƙofa. Bege yana da wannan hali na tsince abin da yake so.

Hatta su ƴan murabba'an, waɗanda suka zama tambarin fannin, akwai ƙarya kaɗan a cikinsu. Yaron 1987 bai taɓa ganin murabba'i mai kaifin baki ba. Tsohuwar telebijin mai ƙoƙo tana narkar da ɗigo cikin ɗigo, masu zane kuma da wannan narkewa suke lissafi don su samu inuwa da launukan da na'ura ba ta da su. Kaifin da ake kira na da a yau, kamannin da wasannin suka yi ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka fara kunna su a kwamfuta ta hanyar manhajojin kwaikwayo. Dead Cells ma, na ƙungiyar Motion Twin ta birnin Bordeaux, wadda ma'aikatanta ne suka mallake ta, surorinsa da hoto mai zurfi uku aka fara gina su, sa'an nan manhaja ta niƙe su suka koma ɗigogi.

Kuma ƙuruciyar wa ake tunawa? Tarihin da ake bayarwa na yaron Amurka ne ko na Japan, mai akwati na asali. A Rasha da Dendy aka san waɗannan wasanni, a Folan da Pegasus, dukansu kwafi ne da aka ƙera a Asiya a farkon shekarun 1990. Irin waɗannan akwatuna masu araha su ne suka shiga kasuwannin Afirka ta Yamma, da kaset mai alkawarin dubban wasanni alhali ƴan ƙalilan ne ake maimaitawa da sauyin suna. Ga wanda ya taso da su, Mario da Contra ba kayan shekarun 1980 ba ne, kayan shekara 10 ko 15 bayan haka ne, kuma a lokacin ba wanda ya kira su tsohon yayi. Su ne abin da aljihu ya kai.

Sauran lahanin na rayuwar masu aikin ne. Labarin da ake so a ji shi ne na Eric Barone, wanda ya yi shekara 4 da rabi yana gina Stardew Valley shi kaɗai a Seattle, yana aikin raka ƴan kallo kujerunsu a wani gidan wasan kwaikwayo, budurwarsa tana ɗauke da mafi yawan nauyin gida. Wasan noman nasa ya fito a 2016, ya zuwa ƙarshen 2024 an sayar da fiye da miliyan 41. Ba a cika ba da labarin waɗanda suka yi irin wannan sadaukarwa suka tashi a tutar babu ba. Su kansu masu Shovel Knight kuɗinsu ya ƙare kafin su gama, suka yi watanni 5 babu albashi, kuma alkawuran da suka ɗauka a Kickstarter ba su gama cika su ba sai a Disamba na 2019. Ƴan'uwa Moldenhauer gidajensu suka jinginar. A 2017 Steam ya buɗe ƙofa ga duk mai dala 100; shagon da a 2012 yake karɓar ƴan ɗaruruwan wasanni a shekara ya karɓi fiye da 18,000 a 2024. Cunkoson da ya sa Nintendo ya kafa makulli ya dawo, sai dai yanzu babu jujin da za a tona: wasan da ba a gani ba yana nan a jeri, ba mai taɓa shi.

Duk da haka ƙuncin bai daina jan masu ƙirƙira ba, har ya kai suna ƙera shi da hannunsu. Joseph White ya fito da PICO-8 a 2015, wani akwatin wasa da babu shi a zahiri, manhaja ce kawai mai dokoki: ɗigo 128 a kwance da tsaye, launi 16, da iyakar tsawon abin da za a rubuta. A cikinsa aka yi samfurin farko na Celeste cikin kwana 4. Wasu kuma suka koma ga ƙarfen asali: Julius Riecke da Nicolas Bétoux sun fitar da Micro Mages a 2019 a kan kaset na NES na gaske, suka matse shi cikin kilobait 40, daidai da Super Mario Bros. A watan Satumba na 2024 Derek Yu da abokan aikinsa 5 suka saki UFO 50, tarin wasanni 50 da aka ce wani kamfani mai suna UFO Soft ya yi tsakanin 1982 da 1989. Kowane wasa yana da shekararsa da sunayen waɗanda suka yi shi, ana ganin yadda hannunsu yake faɗawa daga na farko zuwa na ƙarshe, da inda suka yi gwaji bai ci ba. Kamfanin bai taɓa wanzuwa ba, haka ma akwatin da aka ce don shi aka yi su.